Awon Wuya

Shekara ashirin ina ɗinki a Kumo,
tef a kafaɗa, alli a bayan kunne.
Na auna wuyan ango, na auna na alhaji,
sha biyar da rabi, sha bakwai ga mai teɓa.
Ban san wuya abin tsoro ba ne
sai ranar da reshen kanya ya karye da Gidado.

Na tarar da shi kwance, ido biyu, ba kuka.
Shirun nan ne ya sage mini gwiwa.
Hannu goma sun miƙo za su ɗaga,
wani na cewa a kai wa mai ɗori,
wani na cewa a ja kan, zai koma.
Sai ga Malama Rifkatu, tsohuwar nas ta bayan layinmu,
da kumfar wanki har gwiwar hannu:
"Duk wanda ya taɓa yaron nan, ni da shi ne."

Ta durƙusa saitin kansa,
tafi ɗaya a kowane kunne,
riƙon ƙwaryar nono da ta cika fal.
"Gidado, kar ka amsa da kai, faɗa da baki.
Motsa mini yatsan ƙafa."
Ya motsa.
Sai lokacin na tuna ana numfashi.

Ƙyauren shagona aka ciro.
Mu huɗu muka mirgina shi kamar mutum ɗaya,
zane biyu a naɗe, hagu da dama,
tef ɗina ya ɗaure goshinsa da katako.
Hanyar Gombe na sha bin ta,
ban taɓa ƙirga ramukanta ba sai ranar.

Likita ya ɗaga hoto ga haske:
ƙashi ya tsage, amma laka ba ta taɓu ba.
Suka kawo kwala, ba irin tawa ba,
roba mai tauri, gaba da baya, da mazaunin haɓa.
Da yatsu aka auna, daga haɓa zuwa kafaɗa.
Uku.
Ni mai taƙama da tef, na yi shiru.
Mako goma sha biyu, in ji shi, ko barci da ita.

Bazara ba ta san da mara lafiya ba.
Zufa ta taru, ƙuraje suka feso.
Kullum da hantsi innarsa ta riƙe kai,
ni in buɗe gaba, in goge, in busar, in mayar,
ba mai magana har sai maɗauri ya kama.
Da izinin likita na yanka farar auduga
na yi mata shafi mai laushi,
ɗinkin da ya fi kowane cin lokacina,
kuma ba wanda zai gani.

Yanzu ya zama hawainiya, ido ke zuwa aike.
In ka kira shi ta baya
sai ya juyo gaba ɗayansa kamar tirela a tasha.
Ƙanwarsa Hansatu ta naɗa kwali a wuya,
wai ita ma ta faɗo.
Ya yi dariya, muka ce a hankali,
har dariya mun sa mata linzami.

Amma dare ne mai wuya.
"Baba, cire mini. Minti ɗaya. Ba zan faɗa ba."
Na hana shi ƙwallo, na hana shi keke,
babu hanin da ya ci mini rai kamar wannan.
Sai in sa yatsa ta ƙasan roba in sosa
har barci ya raba mu.

Da magariba yakan zauna kan kujera kusa da ni.
In na yi sallama na waiga dama,
shi yana nan fuskar gabas,
ƙwayar idonsa kawai ke gaida mala'iku.

Saura kwana goma sha tara.
Na yanka masa rigar Sallah, na haɗa hannu, na kafa aljihu.
Wuyan na bari a buɗe.
Sai na sake awo.